Ranar da Na Manta Hanyar Gidan Kakata

Ku yaran da kuke zama bakin ƙofar bariki kuna leƙenmu in mun fito da baƙi, na ji abin da kuke faɗa. Wai aikin jagora ba aiki ba ne, tafiya ce da surutu, sai a dawo da yamma da gwangwanin kifi a aljihu. Har wani cikinku, wanda majina ba ta gama bushe masa ba, ya ce shi ma gobe zai yanki sanda ya fara. To ku matso. Na san gemu bai fito mini ba, amma a sana'ar nan ni tsoho ne. Ƙafafuna sun girmi kaina nesa ba kusa ba. In aka haɗa ƙasar da na taka tsakanin Dogon Dutsi da garuruwan Dallol, da yanzu na je Makka na dawo, na kuma koma ɗauko takalmin da na manta.

Ku fara sanin abin da muke nuna wa mutane. Dallol ne, gulbin da ba shi da ruwa. Nasara suna da wata takarda mai zanen ƙasa, a cikinta an ja shuɗin layi ya ratsa Arewa tun daga sama har ƙasa. Duk baƙon da ya zo daga Yamai sai ya ɗora yatsa kan layin nan, ya ce a kai shi ya ga gulbi da tsofaffin garuruwan bakinsa, a fita da safe a dawo kafin rana ta faɗi. Akwai wanda ya tambaye ni inda ake shiga jirgi. Na nuna masa jaki. Sai ka kai mutum tsakiyar Dallol, ka tsayar da shi cikin rairayi, ka ce masa ga gulbi. Ya dubi takarda, ya dube ka, kunnuwansa su yi ja. A nan za ka durƙusa a inda ka san ƙasar, ka tona da hannu, kafin ka gaji ruwa ya taso yana ƙyalli. Maigidana Baba Arzika yakan ce gulbin nan ya fi mu wayo duka: tun kafin Nasara su iso ya ji labarinsu, ya nutse ƙarƙashin ƙasa.

Baba Arzika maƙwabcinmu ne, shi ne babban jagoran bariki. Ya ɗauke ni tun ban kai tsawon cikin doki ba, wai in riƙa riƙe linzami. Na daɗe ina bin bayansa ban ga komai a duniya ba sai duga-dugansa, waɗanda suka tsattsage har ƙadangare na iya kwana ciki. Ba ya koyarwa da baki. Sai ya tsaya cak a tsakiyar daji ya ce, “Nomau, ina gida?” In na nuna daidai ya ci gaba da tafiya. In na kuskure ya nuna mini da sanda, amma ta bisa kaina sandar take bi. Wata rana ya kifa mini malafarsa a fuska, ya ba ni ruwa a ƙoƙo, ya ce in faɗi rijiyar da aka jawo shi. Na ce ta Matankari. Ya ce wace daga ciki? Ranar na sha sanda har na ji ɗanɗanon duk rijiyoyin Arewa a lokaci guda.

Abu ɗaya ne ya taɓa zaunar da ni ya faɗa mini da baki. Ya ce, “Ko kana tsakiyar wuta, kada bakinka ya ce ban san hanya ba. Jagora in ya faɗi wanga magana, ya karya sandarsa ya tafi tallar ƙuli-ƙuli. Ni tun kafin a haifi uwarka nake wanga aiki, ban taɓa faɗinta ba.” Na ce, “Baba, in na ɓata fa?” Ya ce, “Sai ka ce da baƙo kana nuna masa wani wuri ne da ba kowa ake kaiwa ba.”

Kayan aikin ba su da yawa. Sanda mai kauri, don maciji da karnuka da nuna wa baƙo inda kake so ya kalla. Takalmin fata mai faɗi, don rairayin Dallol da rana tsaka yana iya gasa kaza da gashinta. 'Yar wuƙa ta cire ƙarangiya daga safa, don Nasara in ƙarangiya ta kama shi yakan yi rawar da ko 'yan bori ba su iya ba. Goro na gaida masu gari. Goran ruwa biyu, ɗaya ruwan daɗi, ɗaya na rijiyar kanwa, kuma kada ka kuskura ka manta wanne ne a wace kafaɗa. Sai malafa. Ku kuna tsammani don rana muke sa ta. Malafar nan ita ce rabin sana'ar, zan zo kanta.

Baƙi iri-iri ne. Akwai mai rubutu, wanda zai zaunar da tsoho a gindin ganuwa ya tambaye shi sunayen sarakuna har tsohon ya fara ƙara na maƙwabtansa don a rabu lafiya. Wannan ba shi da illa. Akwai mai bindiga, shi agwagwar ruwa yake nema, ya harba sama ya harba ƙasa, agwagi su koma gida suna ba 'ya'yansu labari. Akwai Madam, ita inuwa take so da a ɗauke ta hoto kusa da rumbu. Duk waɗannan ka kai su, ka nuna musu tsohuwar ganuwa da rijiyoyin kakanni da kukar da aka ɗaure dokin wane, ka dawo da su. Wanda ake tsoro shi ne mai shiru. Shi ne zai tsaya bakin tabki ya cire hula, ya ja dogon numfashi, ya fara taka ƙasa yana ƙirga sawunsa. In ka ga haka, garin nan ya shiga uku, don kamfama yake nema.

Kamfama ita ce masaukin da Nasara yake sa a gina masa a garin da ya yi masa daɗi, don ya riƙa zuwa shan iska ran Lahadi, shi da abokansa. Mutanen garin ne za su gina ta, su yi mata sabuwar jinka duk shekara, su share hanyar mota ko da ana tsakiyar noma. Su ne masu kawo ƙwai da kaji da nono da itace da ciyawar doki, matansu su ne masu ɗebo ruwan wanka. Akwai wani gari can kudu, ba zan faɗi sunansa ba, da aka yi wa kamfama. Kajin garin sai da suka daina ƙwai don fushi. Mutanen suka riƙa sulalewa gida-gida suna ƙetarawa ƙasar Ingilishi. Yau in ka je ba ka tarar da kowa sai kamfamar da jemagu. Shi ya sa aikin jagora na gaskiya, wanda ba a faɗa a ƙofar bariki, shi ne baƙo ya ga gari amma kada garin ya shiga ransa.

A nan malafa take shigowa. In jagora ya doso gari da malafa a kansa, baƙon mai wucewa ne, kowa ya ci gaba da harkarsa. In kuwa ya cire ta ya rataya a kan sanda kamar zafi ya dame shi, to mai shiru ne yake tafe. Yaran da ke kiwo su ne za su fara hangowa, su sheƙa gari da gudu.

Na fara ganin aikin malafa ne ran da muka kai wani ƙaton Nasara wani gari mai tsamiyoyi. Baba ya yi ta jan ƙafa a hanya, yana nuna masa kowane gidan tururuwa, don kada mu isa sai rana ta take tsaka. Kafin mu shiga, awaki masu ƙiba sun ɓace, samari sun ɓace, ba kowa sai tsofaffi suna tari kamar an ɗora musu haraji a kai. Mai gari, wanda na san yana da riguna cike da adaka, ya fito cikin wani tsumma da ko jaki ba zai yarda a shimfiɗa masa ba. Aka kai baƙo mazauni daidai inda iska ke kwaso warin majema. Ya tambaya ko akwai sauro a nan. Baba ya ce, “Sauron wanga gari ba ya cizo a nan, ɗaukar mutum yake ya tafi da shi gida.” Baƙo ya nemi ruwa, Baba ya miƙa masa goran kafaɗar hagu, na kanwa. A hanyar dawowa babu gindin sabarar da bai gaisa da shi ba. Garin nan har yau ba shi da kamfama.

Sai shekarar fara ta zo. Kuna ƙanana, amma kun tuna yadda ta rufe rana, ta cinye gero har da karansa. Garuruwan tudu suka koma cin ganye. Baƙi kuwa ba su daina zuwa ba, kuma ba su daina neman ƙwai ba. A shekarar ce kurkunu ya kama Baba Arzika a ƙafa, ya kwantar da shi, sanda ta dawo hannuna. A shekarar ce kuma aka kawo sabon ƙaramin kumandan, wanda gari ya sa wa suna Mai Lema, don ko bayan gida za shi sai ya buɗa lemarsa. Dogo ne siriri, ba ya tsawa, ba ya dariya. Da ganinsa na farko na ce a raina, wannan mai shiru ne tun daga cikin uwarsa.

Wata safiya ya sa aka kira ni, muka hau dutse tare. Ya sa madubin hange a ido, ya daɗe yana duban arewa, sa'an nan ya nuna wani ɗan kore can nesa, inda kawunan giginyu suka leƙo daga cikin wani kwari. Ya ce gobe can za mu. Na ce masa, da Faransancin da na tsinta a bayan madafar bariki, wurin nan babu komai sai aljanu da kunamu. Ya ce yana son ganin kunamu.

Wurin nan Kwarin Giginya ne, garin uwata, inda kakata Gwamma take. Ƙaramin gari ne da ya ɓuya cikin wani reshen Dallol, kwazazzabai sun kewaye shi ta ko'ina, a takardar Nasara ma babu shi. Yana da tabki wanda ba ya ƙafewa, bakinsa duk lambuna ne na albasa da rake da rogo. A shekarar fara lambunan nan da murucin giginya su ne suka riƙe garin, har da na maƙwabta da suke zuwa da ƙwarya. In aka kafa kamfama a bakin tabkin nan, lambuna za su koma filin ajiye mota, masu ban ruwa su koma masu share hanya. Na je na gaya wa Baba. Yana naɗe kurkununsa a ɗan tsinke, bai ko ɗago ba ya ce, “Malafa dai. Kuma ka kai shi da rana tsaka.”

Muka fita da safe, ni a ƙasa, Mai Lema bisa doki, sai gardinsa Mamadu, sojan da ke tsaronsa, a baya da bindiga. Mamadu mutumin can yamma ne mai nisa, Hausarsa ba ta wuce “kawo kaza” ba sai kaɗan. Na bi da su ta Matankari. Ranar na ba tsohon garin nan haƙƙinsa har da ƙari. Na nuna masa inda ganuwa ta bi, na kai shi rijiya bayan rijiya, na nemo masa tsoho mafi dogon labari a garin, wanda in ya fara daga kakan kakansa sai an yi masa aski kafin ya iso kan ubansa. Mai Lema ya saurara, ya gyaɗa kai, sa'an nan ya nuna gabas da bakin lemarsa. Babu yadda na iya. Muka gangara cikin kwazazzabai, da muka kusa na cire malafa na rataya a sanda, na ɗaga ta sama har hannuna ya yi tsami.

Mutanen Kwarin Giginya sun yi aikinsu, Allah ya sani. Shanu sun ɓace. Mai gari ya fito yana ɗingishi da ƙafar da jiya ya kori ɗan akuya da ita. Aka tare mu tun daga bayan gari, ta gefen da ba a ganin tabki, aka shimfiɗa wa baƙo yagaggiyar tabarma kusa da juji, cikin rana. Ƙudaje suka zo gaisuwa, su da danginsu na garuruwan kusa. Mai Lema ya fara zufa, ya fara duban doki. Ya nemi ruwa. Na kai hannu kafaɗar hagu.

Sai na ji murya daga bayana. “Wa ya zaunar da baƙo bisa juji a garin ubana?”

Kaka Gwamma ce, 'yar guntuwa kamar turmi, da ƙwarya a hannu an rufe da faifai. Na tare ta da sauri, na rage murya.

“Kaka, ba ki ga malafa ba?”

“Na gani, mijin banza. Ido gare ni.”

“Wanga fa wurin kamfama yake nema.”

“Ko wurin kabarina yake nema, da ƙishirwa ya tako garin ga. Mi ke cikin goran nan naka?”

“Ruwa ne.”

Ta fizge, ta shinshina, ta tuttular da shi a ƙasa. “Kanwa! A gaban idona za ka ba baƙo kanwa? Uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba. In kuna so ku yi tari ku yi ta yi, ni ba a haife ni ran rowa ba.”

Mai gari ya ce, “Gwamma, don Allah.” Ta ce, “Kai kuma ka tsaya kan ƙafa guda, ɗazu da hagu kake ɗingishi.”

Kafin kowa ya ankara ta kama Nasara ta hannun riga, kamar yaron da ya ƙi wanka, ta ja shi ta bi da shi ta tsakiyar gari har lambunta a bakin tabki. Gardi Mamadu ya rasa ko ya ɗaga bindiga ko ya bi, sai ya bi. Ta zaunar da shi a inuwar giginya bisa farar tabarma. Ta ba shi ruwan randar da take binne a ƙasa, mai sanyin da ke sa haƙori kuka. Ta buɗe faifai, sai ga fura da nono, kuma na san da ɗan geron da ya rage mata ta yi ta. Ranar komai na garin ya ci amanata. Iska da ta yini ba ta motsa ba ta taso a hankali. Agwagi suka sauko bisa ruwa a jere kamar an yi musu alkawarin lada. Ko sauro ɗaya, ɗaya tak, bai zo ya taimake ni ba.

Mai Lema ya shanye fura. Ya cire hula. Ya ja dogon numfashin nan da na gaya muku. Ya tashi ya fara taka ƙasa yana ƙirga sawu, ya bi ta kan albasar Kaka, ya tsaya a tsakiyar lambun. Ya naɗe lemarsa, wadda ba a taɓa ganin ya rabu da ita ba, ya soka ta cikin ƙasa. Ya ce, “Isi.” Wato nan. Ya ce kada kowa ya taɓa ta, gobe zai dawo da magina. A nan mai gari ya yi tari na gaskiya.

Muna shirin tafiya na ce da Kaka, “To amarya, kin ga abin da kika jawo. Gobe a lambunki za a ɗaure mota.” Tana wanke ƙwarya, ba ta ko dube ni ba. Ta ce, “Ni na yi nawa, baƙo ya sha. Saura naka. Ba kai ne mai hanya ba?”

Ku da kuke cewa tafiya ce kawai, ku saurari yadda aka dawo. Ban bi inda muka zo ba. Na shigar da su wani kwazazzabo, na fitar da su ta wani, na sake shigar da su na farkon ta gindinsa. Akwai wani jan dutse da muka wuce ta gabas, muka wuce ta yamma, muka sake wucewa ta kudu, kowane karo ina ba shi sabon suna da sabon tarihi. Fura ta sauka wa Mai Lema, yana gyangyaɗi bisa doki, ga shi babu lema, rana tana dafa masa ƙeya. Gardi Mamadu ya ce, “Yaro, dutse nan, na gani.” Na ce, “Ƙanensa ka gani.” Mun fita Dogon Dutsi ta arewa, muka shigo ta kudu, rana tana shirin faɗuwa. Ko dokin sai da ya tsaya ya dubi garin ya tabbatar.

Washegari aka tara mutanen aikin dole a ƙofar bariki da gatura da sanduna, ga mota an cika ta da kaya. Ranar kasuwa ce, rabin gari yana tsaye yana kallo. Mai Lema ya fito da sabuwar hula, ya ce, “Nomau, gaba.”

Na jingine sandata jikin bango. Na ce, “Kumandan, ban san hanya ba.”

Wallahi har mai tallar ƙuli-ƙuli sai da ta juyo ta dube ni kamar tana auna ko zan iya ɗaukar farantinta. Ya ce in sake faɗa. Na faɗa da Hausa, na faɗa da Faransanci, na ƙara da Zabarmanci don kada wani ya ce bai ji ba. Gardi Mamadu ya ce, “Ƙarya! Gida kaka naka!” Na ce, “Ita ma na manta ta.”

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin bulala ba. Ku dai sani da aka gama, bayana ya koma kamar takardar zanen ƙasarsu, har da shuɗin layin. Bayan kowane 'yan bugu a tsaya a tambaye ni ko na tuna. Na ce wa Mamadu ya daina bugun baya, ba nan nake ajiye hanya ba. Ya koma kai. Can ma ba a samu ba.

Sai Mai Lema ya ce a ɗauko tsohon. Aka kawo Baba Arzika bisa jaki, ƙafa a kumbure an naɗe da tsumma. Duk garin nan an san abin da bakinsa bai taɓa faɗa ba. Ya dube ni a ƙasa, ya dubi sandata a jikin bango. Aka ce masa Kwarin Giginya. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya sosa gemu. Ya ce, “Kwarin mi?” Aka maimaita. Ya ce, “Na tsufa, ranka ya daɗe. Ban san hanya ba.” Ya juya jakinsa da kansa.

Daga nan ciwon mantuwa ya kama gari. Sauran jagorori suka manta. Masu itace suka manta. Wata Bafillatana mai tallar nono, wadda rugarsu take jifa ɗaya daga tabkin, ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin giginya ba. Mai Lema ya aika fada, aka ba shi wani bafade mai ladabi, wanda ya rusuna har ƙasa ya ce da gudu ma. Bafaden nan ya kai shi duk wani kwari mai giginya a ƙasar Arewa, har wajen Kore Mairuwa, in ban da wanda ake nema, kuma kowanne sai ya yi mamaki tare da shi. Da yamma sai ka hango Mai Lema bisa dutse da madubinsa, ga kore can yana gani, ga kwazazzabai tsakani. Ya gwada miƙewa kai tsaye da mota, motar ta kwana biyu da hancinta cikin rami. Ana cikin haka ruwan farko ya sauka, Dallol ya tuna shi gulbi ne, ya koma taɓo. Kafin ƙasa ta bushe an ɗauke Mai Lema an kai shi wata ƙasa, don Nasara ba sa barin nasu ya daɗe wuri ɗaya. Wanda ya gaje shi mai bindiga ne, agwagin tabkin bayan gari sun ishe shi.

Ni duk wannan labari a bakin hanyar Doso na ji shi, inda aka tura ni fasa dutse har lokacin kaka. Duwatsun da na fasa, in aka tara su, sai Dogon Dutsi ya sami ƙane. Da na dawo na tarar an canza mini suna. Har yau in na ratsa kasuwa sai an ce, “Ban-San-Hanya, ina za ka?” Na ce, “Ku tambayi wanda ya sani.” Bariki ta daɗe ba ta neme ni ba. Da ta rasa wanda zai iya tono gulbi da hannu, ta neme ni. Sandar da na jingine a bango, Baba ne ya aika aka ɗauko, ya ajiye ta a bayan ƙyaurensa, ban ji ya ce in karya ta ba.

Da na sami ƙafa na tafi Kwarin Giginya, malafa a kai. Albasa ta yi kyau. A tsakiyar lambu ga lema nan a soke inda aka bar ta, ba wanda ya cire, sai dai an buɗe ta. A ƙarƙashinta wata baƙar kaza tana kwance kan ƙwai, tana hararata kamar ita ce kumandan.

Kaka ta fito ta dafa ƙugu. “A'a, wane ne wanga? An ce mini ka manta ni.”

“Ɓatan hanya na yi, na faɗo nan.”

“To zauna, baƙo. Juya in ga bayan.” Ta ɗaga rigata, ta daɗe tana dubawa, ta saki. “Ba su iya bugu ba. Ni da na fi haka.” Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya an rufe da faifai.

Na ce, “Kaka, in wani mai shirun ya sake zuwa fa?”

Ta ce, “In ba shi fura.”

To kun ji. Wanda har yanzu yake son sanda, ya same ni gobe da safe a gindin dutse, da malafarsa da goransa biyu. Tambaya ɗaya zan yi masa a gaban kowa: ina Kwarin Giginya? Duk wanda ya ɗaga yatsa, ya wuce kasuwa, mai ƙuli-ƙuli tana neman yaro.